Tambarin sarki ake kaɗawa, ba tambarin kamfani ba

Yau da matasanmu makaɗa da mawaƙa muke, kuma mun san akwai waɗanda maganar za ta sosa ma rai. A yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kwanakin nan gardama ɗaya ce ke yawo a fadodin shayi da zaurukan WhatsApp: wace kwamfuta ta dace da mai son yin lup gaban jama'a? Wasu sun kafe cewa in ba ka da MacBook, ka aje mikro ka koma gona. Wasu na cewa kowace tsohuwar Windows ta isa, tunda mai shago zai cika maka ita da lojisiyel kyauta. Ƴan kaɗan da sunka taɓa karatun informatik kuma na gefe suna kiran Linux. A cikin gardamar nan ne yaro zai tasa mahaifiyarshi gaba sai ta sayar da tunkiya, ko a kwashe buhunan aya da riɗi a kai kasuwa tun farashi bai tashi ba, don a sayo mishi na'urar da zai riƙa juya bayanta mutane su ga tambarin tuffa. Kuɗin gumi ne, shi ya sa munka ce ba za mu yi shiru ba.

Ga wanda bai san lup ba, ga yadda yake. Mutum ɗaya ya tsaya a fili, ya buga ƙwarya na ƴan sakan, ya taka feda da ƙafa, na'ura ta riƙe bugun ta yi ta maimaita shi. Ya ɗauki gurmi ya ɗora a kai, ya taka. Ya yi amshi da bakinshi, ya taka. Sannan ya shiga waƙa bisa abin da ya gina yanzun nan a idon kowa. Da irin haka Ed Sheeran na Ingila ya cika filin Wembley dare uku a 2015, shi kaɗai da jita da feda. Amma mu ba sai mun je Landan ba kafin mu gane abin. Mi ƴan amshin Mamman Shata ke yi in ba maimai ba? Suna riƙe da layi ɗaya, kalangai na riƙe da ƙasa, shi yana yawo a sama yadda ya ga dama. Luguden mata a bakin turmi ma hakanan yake. Ɗan Maraya Jos da kuntiginshi mai tsarkiya ɗaya ya riƙe taro shekara da shekaru. Kuma na'ura ba baƙuwa ba ce a kiɗan ƙasar nan: tun 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinshi da ogan na lantarki ƙirar Italiya, aka yi shekaru ana jin kiɗan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa. Mdou Moctar a Sakkwato ya ɗauki kundinshi na farko a 2008, waƙoƙin sunka bi kart memwar sunka zagaye Sahara kafin Turai ta san sunanshi.

Abin da ya sa maganar lup ta dame mu shi ne abin da ake yi mana a bukukuwa da wasannin sallah. A yi ta shela, mutane su biya kuɗin shiga, mawaƙi ya hau dandali ya miƙa ma DJ kile, a saki waƙar da anka ɗauka a situdiyo, shi kuma ya riƙe mikro yana motsa baki yana tsalle. Waƙar nan tana cikin wayar kowa. To mi anka biya ke nan? Ganin takalminshi? Lup shi ne hanyar da yaro marar kuɗin ɗaukar makaɗa goma zai bi ya yi wasa na gaskiya. Saboda haka tambayar da za a yi ma kowace kwamfuta guda ɗaya ce: za ta iya awa biyu a filin biki na Cadawa ko Gidan Sori ba ta kunyata mai ita ba? Abu huɗu ke amsa tambayar nan, kuma tambarin kamfani ba ya cikinsu.

Na farko jinkiri, abin da masu sana'ar ke kira latans. In ka yi magana a mikro, sai muryar ta shiga kwamfuta ta fito kafin ta kai bafil. Kwamfuta na yanka kowane sakan na sauti ƙwaya 48,000, kuma ba ta ɗaukarsu ɗai-ɗai, awo take yi kamar mai tiya a kasuwa. In tiyar ta ƙwaya 128 ce, cika ta bai kai milisakan 3 ba, wato kashi 3 cikin 1000 na sakan. In ta ƙwaya 1024 ce, milisakan 21 ne, kuma sau biyu ake awon, shiga da fita, ka ga an wuce 40. Makaɗi kan fara jin hannunshi da kunnenshi sun raba hanya tun abin ya ɗan wuce 10. Ƙaramar tiya na rage jinkiri, amma tana sa kwamfuta kai-komo da yawa, in ba ta da ƙarfi sai sauti ya riƙa tsagewa kamar ana soya gujiya. A lup kuwa tsagewa ɗaya ba ta wucewa, tana shiga cikin maimai, jama'a su yi ta jin ta har ƙarshen waƙa. Maganin wannan ba a cikin kwamfuta kaɗai yake ba. Yana ga kart son, ɗan akwatin nan da ake jona mikro da jita a jikinshi sannan a haɗa shi da USB, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer UMC. Kwamfutar miliyan ba kart son, da ta okaziyo mai kart son na ƙwarai, ta biyun za mu ɗauka mu shiga fili.

Na biyu kuran. Ƴan Gazawa sun fi kowa sanin inda wutarmu ke fitowa: babban layin da ya taso daga Katsina nan ya sauka, kafin ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Nijeriya ta yanke shi. Ko ba rikici, garuruwa nawa ne a Gangara ko Cadakori da biki ke tsayuwa ba gurup ko fanon rana ba? Wutar gurup kuma hawa da sauka take, tana cin caja, tana sa bafil gurnani. Sau da yawa da ka zare caja gurnanin ya tafi. Ke nan batir shi ne ran na'urar mai lup. In kuran ya ɗauke kana tsakiyar waƙa, kwamfuta mai batir mai rai da kart son mai shan wuta daga USB za su riƙe duk abin da ka gina, da an tada gurup ka ci gaba. Mai mataccen batir kuwa komi ya tafi, sai ya tsaya yana kallon ango.

Na uku zafi da ƙura. Kamfanin Apple da kanshi ya rubuta cewa a yi aiki da MacBook tsakanin digiri 10 da 35. Sauran kamfanoni ma kusan haka suke rubutawa. Mu kuwa a Afrilu da Mayu digiri 40 ba labari ba ne a jihar Maradi. In kwamfuta ta yi zafi tana rage gudu don ta ceci kanta, a nan ne tsagewar da munka faɗa ke somawa. Hunturu kuma ya zo da ƙurarshi ya toshe fanka. Cikin waɗanda ake gardama a kansu babu wadda anka ƙera don yanayinmu. Bambancin shi ne wadda za a iya kwance ta da sukurdireba a hure ƙurar a sake man sanyaya, da wadda anka liƙe.

Wannan ya kawo mu ga na huɗu, gyara. Ranar da ta lalace, wa zai taɓa ta? ThinkPad, Latitude da EliteBook kwamfutocin ofis ne da anka yi miliyoyinsu, allonsu da batir da caja da kilabiye ana samu wajen masu gyara a Maradi, in babu a aika Katsina ko Kano. Sababbin MacBook kuwa RAM da ma'ajiyarsu a narke suke jikin allon ciki, ba ƙari ba sauyi. Apple ba shi da shago na kanshi ko guda a duk Afirka, sai dillalai masu izini a manyan birane. Daga Maradi zuwa Yamai sama da kilomita 600 ne. Ka yi lissafin kuɗin mota da kwanakin jira da bukukuwan da za su wuce ka.

Yanzu bari mu ba kowa haƙƙinshi, don kada a ce ƙiyayya ce. Wajen sauti Mac gwana ce, ba mu musu. Ka jona kart son ta gane shi nan take, jinkirinta kaɗan ne, kuma tun da anka fito da masu M1 a ƙarshen 2020 batir ɗinsu na daɗewa, ƙarfinsu ba ya raguwa don an zare caja. MacBook Air ma ba ta da fanka, ba ta shaƙar ƙura. Wanda ke zaune Yamai ko Abija, yana da kwangiloli, yana da ta biyu a jaka in ta farko ta ƙi, ya saya, Allah ya sa albarka. Amma a 2025 sabuwar MacBook Air kusan dalar Amurka 1000 ce a can inda ake yin cinikinta, sama da jikka 500 kafin a yi maganar jirgi da duwan. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne a wata. Albashin shekara guda cur, ba ci ba sha, kuma ba ka sayi mikro ba tukuna. Ta okaziyo kuma tana da tarkonta: in mai ita na farko bai cire iCloud ɗinshi ba, ranar da ta kulle ka sayi faranti ne mai tsada. Masu cewa Mac ko a fasa, su gaya mana a wane shago na Agiye ake gyaranta.

Masu cewa kowace Windows ta isa su ma sun ɓata mana yara. Windows ba ta zo da shirin kiɗa a fili ba, sai an gyara mata zama. Sai ka sa direban ASIO na kamfanin kart son ɗinka. Sai ka kashe wifi da Bluetooth, ka hana ta barci, ka sa ta a cikakken ƙarfi ko tana kan batir, ka tabbata ba za ta tashi yin mizajur ana tsakiyar kamun amarya ba. Kuma ba kowace ce ke yi ba ko an gyara: akwai masu kyan gani da wani direba a ciki ke riƙe ma sauti wuya. Akwai ɗan lojisiyel na kyauta, LatencyMon, da ke tona asirin irinsu. Ka sa shi a shagon, ka bar shi minti 20 ko 30, in ya nuna ja ka aje ta ko da mai shago ya rantse. A sani kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar Intel da ya gaza ƙarni na 8. Dillalin da ya ce maka "i7 ce" bai gaya maka komi ba, i7 akwai ta 2011. Tambaye shi ƙarni na nawa.

Linux fa? Nan gaskiya akwai abin so. Ubuntu Studio kyauta ne, SooperLooper da Ardour na tafiya a kai, tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi tana iya farfaɗowa da shi, kuma birus ɗin da ke bin kile daga shago zuwa shago ba ya kama shi yadda yake kama Windows. Matsalar ita ce Ableton Live da FL Studio ba su da na Linux, kuma ranar da sauti ya ɗauke da ƙarfe tara na dare a Saye Sabuwa, babu wanda za ka kira. Linux na mai haƙuri ne da ke son koyo, kuma wurin koyonshi gidajen matasa ne da lakwal, ba daren biki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To ga matsayinmu, a fili. Ga yaron Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji da ke farawa: kwamfutar ofis ta okaziyo, i5 ƙarni na 8 ko sama, RAM 16 in da hali, 8 in babu, da SSD, da batir da ka gwada da idonka. Windows da anka gyara ma zama. Sannan kada kwamfutar ta cinye kuɗin duka. A fara da kart son, da mikro mai jure duka irin SM58, da feda don hannu na kan gurmi, da kasko. Abin da ya rage shi za a kai ma mai kwamfuta. Kuma na'urar wasa ta wasa ce: ba kallon fim, ba tura waƙa, ba kilen kowa da kowa.

Sai maganar da ba a so, lojisiyel na sata. Mai shago ya zuba maka FL Studio da Ableton da anka fasa, ka ɗauka kyauta ka samu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irinsu ne ke zuwa da birus, su ne ke rufewa ba sallama. Abin mamaki, mawaƙin da ke kukan masu tura waƙa na cin guminshi, yana cewa BNDA ta tashi tsaye kan haƙƙin mallaka, shi ne ke aiki da gumin wani da ya sata. Alhali hanya na nan. Reaper dalar Amurka 60 ne, ana gwada shi kwana 60 kyauta, ba shi da nauyi, yana tafiya a Windows da Mac da Linux, kuma da na'urar lup a cikinshi mai suna Super8. Kart son da yawa, har da Scarlett, in sabo ne yana zuwa da Ableton Live Lite na halal mai layi 8. Wanda layi 8 bai ishe shi ba a fili, ba layi ne ya yi mishi kaɗan ba.

Za mu ƙara da abin da zai ɓata ma dillalan kwamfuta rai: da yawa cikinku ba ku buƙatar kwamfuta sam. Fedar lup irin Boss RC-1 da batir mai bolt 9 take aiki, ba sistem, ba mizajur, ba birus, a aljihun jaka take shiga a hau kabu-kabu. Manyanta irin RC-505 na riƙe layi biyar. In abin da kake so ƙwarya da gurmi da murya ne, fara da feda. Ranar da ta yi maka kaɗan, kai da kanka za ka san irin kwamfutar da kake nema, ba sai gwanin fada ya gaya maka ba.

Mun san abin da iyayenmu makaɗa za su ce: wagga na'ura abincinmu za ta ci, mutum ɗaya zai yi aikin mutum shida. Tsoronsu na da tushe, ba mu raina shi ba. Amma Baba, wanda ya raba ka da filin biki ya riga ya zo, shi ne kilen da ake miƙa ma DJ. Kile ba ya buƙatar hannun kowa. Lup kuwa sai an buga kafin ya samu abin maimaitawa. Kuma akwai abin da ba zai taɓa iyawa ba. Na'ura ba ta ganin ɗan kokowa ya shigo fili ta juya mishi takenshi. Ba ta san ɗan sarki ya iso ba, ba ta san gwaggon amarya ta miƙe da kuɗi a hannu ba. Kalangu magana yake yi, ana matsa shi a hammata ya kira sunan mutum da na kakanshi. Tamburan Sarkin Gobir a Tsibiri ba kile ke kaɗa su ba, kuma ba za a wayi gari ya kaɗa su ba. Saboda haka ku samari, lup ya riƙe muku ƙasa, ku kira mai kalangu ya tsaya kusa da ku ya yi magana a sama, ku raba abin da anka samu. In kun ɗauki bugun wani dattijo kun sa a na'ura, ku faɗi sunanshi ku biya shi.

Kuma ku kula da wani tarko. Ableton in ka buɗe shi, a gudun 120 da ƙirgen huɗu-huɗu yake tashi, alhali kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya. Yaron da bai sani ba sai ya tanƙwara kiɗan garinsu ya bi na'ura, shi ya sa waƙar Gazawa da ta Legas da ta ko'ina ke fitowa kamar uwa ɗaya ta haife su. Akwai wurin da ake gaya ma lojisiyel ya ɗauki gudu daga bugunka na farko. Ku nemo shi ku kunna. Hannunka ne liman, na'ura mamu ce.

Muna da kira uku. Masu shirya wasanni, ku rubuta a jikin takardar talla ko wasan kai tsaye ne ko sakin kile, mai biya ya san abin da ya saya. Magadan gari da masu kula da gidajen matasa, kwamfutocin ofis da anka jibge a sito don sun tsufa, ku fiddo biyu ko uku a sa musu Linux, a sayi kart son ɗaya, yara su koya kafin su taɓa dukiyar iyayensu. Dillalai kuma, ku bar mai saye ya gwada, ku ba shi takardar saye da garanti ko na wata ɗaya ne. Wanda kayanshi ke da kyau ba ya tsoron gwaji.

Ku kuma iyaye, in yaro ya zo da maganar kwamfutar kiɗa, kada ku kore shi, kada kuma ku kwance tunkiya nan take. Ku ce ya ɗauko ƙwarya ya riƙe bugu ɗaya minti biyar bai kauce ba. In ya iya, sana'a ce, a taimake shi daidai ƙarfi. In bai iya ba, babu kamfanin da ke sayar da wannan, ya je wajen makaɗan unguwa ya durƙusa ya koya.

Wanda ke da ja kan abin da munka faɗa, ba mu hana shi ba. Ya ɗauko na'urarshi, mu ɗauko wadda munka kwatanta, a haɗu a fili cikin watan Afrilu bayan azahar, a tada gurup, a ba kowa mikro ɗaya da ƙwarya ɗaya da awa ɗaya. Jama'a su yi alƙalanci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya ba matasanmu sana'a mai albarka, ya tsare dukiyar iyayenmu. Mu kwana nan.